Kada Ki Bari a Ɗinke

Kagoma, 6 ga Agusta, 2024

Zuwa ga maigidana, Baban Catherine,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya ruwa? Malam Salihu direba ya ce a dajin nan na bayan Ikom inda kuke aikin hanya ruwa ba ya ɗaukewa, ya kuma ce ya gan ka ka rame. Ka riƙa cin abinci ko da ba irin namu ba ne. Mamanka tana nan lafiya, sai dai gwiwar nan tata. Mun fara cin sabuwar masara. Cittar da na sake gwadawa a bayan gida har yanzu ba ta nuna alamar cutar da ta cinye mana ta bara ba, muna dai sa ido.

Yanzu ka sami wuri ka zauna. Catherine ta ji ciwo. Tana da rai, tana ci, tana magana, kada hankalinka ya tashi.

Ranar Asabar na aike ta gonarmu ta ƙetaren rafi. A hanyar dawowa ta hau acaɓa, mashin ya zame a taɓo, wani ƙarfe ya yage mata ƙafar hagu a bayan ƙwauri. Ramin ya kai tsawon tafin hannuna, laka da yashi duk sun shiga ciki. Ga shi rafi ya cika, ba dama a ƙetaro. Wata Bafulatana mai suna Hussaina ce ta ɗauke ta zuwa rugarsu, ta ɗaure ƙafar da ɗankwalinta, a can ta kwana. Sai ranar Lahadi da la'asar muka isa asibiti a Kafanchan. Wayata tana hannun Catherine lokacin da suka faɗi, ta shiga ruwa ta mutu, shi ya sa ko ka hau tudu ka kira ba za ka same ni ba.

Likita ya sa aka wanke, ya yanyanke wasu wurare, yarinyar tana ihu tana kiran Baba. Da na ce yaushe za a ɗinke, sai ya ce ba zai ɗinke ba, a bar ta haka, mu tafi gida. Mutane sun cika wurin, ban samu na sake tambaya ba.

Malam Salihu ya gama lodin doya yana ta danna oda, dole in tsaya nan. Da kana gida da na san wanda zan duba a fuska in gane ko in ji tsoro ko kada in ji.

Matarka,
Larai

*

Sansanin aiki, bayan Ikom, 9 ga Agusta

Larai,

Na gode wa Allah da yarinyar take da rai. Ni lafiya nake. Ki gai da Mama. Ki sami abin kirki ki kai wa Hussaina, ki ce na gode.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu a tsaye, kuma layi ɗaya ne ya tsaya mini a rai. "A bar ta haka, mu tafi gida." Larai, kin manta wannan maganar? Ita ce aka faɗa mana ranar da muka kai Baba. Suka duba shi, suka ce mu tafi da shi gida, kwana tara muka binne shi. Idan likita ya ce ku tafi gida, ko dai ya fid da rai ne, ko kuwa ya dube ku ya ga ba wanda zai yi masa magana, mace ce kawai da yarinya daga ƙauye.

A watan Mayu faranti ya tsage mini hannu a nan. Kafin in gama wanke jinin an yi mini ɗinki shida, kwana goma aka cire zare, yau ko tabon da ƙyar ake gani. To yaya za a bar 'yata da rami a ƙafa a cikin damina, ƙuda yana sauka? Shekararta goma sha shida. Yarinyar da take wa makarantarsu gudu.

Ga abin da nake so ki yi. Mai kemis ɗin nan na bakin kasuwa yana ɗinki, na sha ganin ya ɗinke waɗanda lauje ya yanka. Ki kai ta wurinsa ya rufe ciwon nan. Kada ki tsaya jin shawarar kowa. Na san halinki na jira a ga abin da Allah zai yi, amma wannan karon ki ji maganata. In dai ni ne mijinki, ki yi abin da na ce.

Malam Salihu zai juya gobe da asuba da manja, zan ba shi wannan. Ki gaya wa Catherine babanta bai yi barci ba.

Christopher

*

Sansanin aiki, 11 ga Agusta, Lahadi

Larai, matata,

Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya. KADA KI BARI A ƊINKE. Na rubuta da manyan baƙaƙe don ki gani tun kafin ki zauna. Ki manta da wasiƙata ta ranar Juma'a, ki yaga ta.

Jiya na je wurin Clinton, wani ɗan Ogoja, shi ne mai duba marasa lafiya a sansaninmu, shi ya ɗinke mini hannu. Na ba shi labari ina cika baki cewa na sa a je a ɗinke. Mutumin ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Awa nawa kafin ta kai asibiti?" Na ce kwana guda da wuni. Ya ce, "Da laka a ciki?" Na ce da laka. Sai ya kama kansa da hannu biyu.

Ya ce nawa yankan faranti ne mai tsabta, kuma na zo a take, shi ya sa ya ɗinke. Amma ciwon da ya yi zurfi, datti ya shiga, har ya kwana, to ƙwayoyin cuta sun riga sun zauna a ciki, kuma komai wankin da aka yi ba a fitar da su duka. Idan aka ja fata aka rufe, an gina musu ɗaki ke nan, mugunya za ta taru ba ta da hanyar fita, sai ta koma cin nama ta shiga jini. Idan kuwa an bar shi a buɗe ana wankewa, dattin yana fita, nama kuma yana tasowa daga ƙasa. Ya ce wani lokaci bayan 'yan kwanaki likita da kansa zai ɗinke in ya ga ya yi tsabta, wani lokaci kuma a bar shi ya cike da kansa. Ya ce, "Likitan nan ba wulaƙanta ku ya yi ba, ya san aikinsa. Cizon kare ma haka muke barinsa."

Na ce masa to na riga na aika. Ya ce in tashi in gudu.

Yau tun da safe na hau tudun da ake samun waya. Lambobi uku nake da su na mutanen gida. Biyu a kashe, ta ukun ta shiga, na ji murya, kafin in ce komai ta yanke, ba ta sake shiga ba. Har taki na kira, ina sane ta mutu.

Akwai wani direban manja da zai tashi Kafanchan da yamman nan, ya yi mini alkawari jibi zai ajiye wannan a tasha. Ina roƙon Allah ya sa wannan karon ki yi mini taurin kai.

Christopher

*

Asibiti, Kafanchan, 27 ga Agusta

Baban Catherine,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina fata kana lafiya. Mama tana gida, matan zumunta na coci suna duba ta. Daga gefen gadon Catherine nake rubuta maka, a kan cinyata, ka yi haƙuri da rubutun.

Wasiƙarka ta biyu jiya ta iso. Motar mutumin ta lalace a Katsina-Ala, sati biyu yana jiran kayan gyara. Na karanta manyan baƙaƙen nan a bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya, na zauna a ƙasa na yi dariya, daga nan kuma sai kuka. An ɗinke tun ranar sha huɗu.

Bari in fara da laifina. Saboda sauri ban rubuta maka ba cewa likita ya ce mu riƙa zuwa ƙaramin asibitin garinmu kullum ana wankewa ana canza bandeji, kuma ya yi mata allura ya ba mu magani. Muna zuwa, kuma ciwon yana ta fitar da ruwa. Da na sa wannan layi ɗaya, da ba ka fahimce ni yadda ka fahimta ba.

Da wasiƙarka ta farko ta zo, na yi kwana uku ina jan ƙafa. Mama ta sa aka karanta mata, ta ce, "Mai gida ya yi magana, ke wa kike jira?" Ita ma Catherine tana so. Duk safiya in an buɗe bandeji sai ta kau da kai ta ce, "Mama, a rufe mini wannan abin, ba na son ganinsa." Ni kaɗai na rage, kuma ba ni da hujja sai zuciyata da ba ta kwanta ba. Ranar Laraba na kai ta. Mai kemis ya ja fatar da ƙarfi ya haɗa, ɗinki tara. Da muka fito ƙafar ta yi kyau, har Catherine ta yi murmushi.

Ranar Juma'a ƙafar ta kumbura tana ƙyalli, in ka taɓa kamar ka taɓa tukunya a wuta. Ranar Asabar da safe zazzaɓi ya rufe ta, tana karkarwa, ta dube ni ta kira ni da sunan malamarsu. Fasto ne ya ɗauko mu a motarsa.

Likitan nan ne dai muka tarar. Ya sa almakashi ya yanke zare na farko, abin da ya fito ba zan rubuta maka ba. Warin ya kori mutane daga ɗakin. Ya juyo ya ce, "Wa ya sa aka yi wannan?" Na ce ni ce. Sai ya ce da mun ƙara kwana ɗaya, da maganar yanke ƙafa muke yi, ko abin da ya fi wannan. Suka shiga da ita tiyata suka kankare duk naman da ya mutu. Yanzu ramin ya fi na da girma.

Akwai wata nas a nan, Sista Rabi'a, 'yar cikin garin Kafanchan. Ita ce ta tarar da ni a baranda ta zaunar da ni. Ta ce, "Maman Catherine, kina noman citta?" Na ce ina yi. Ta ce, "In kin haƙo ta ɗanya, kina ɗura ta a buhu ki ɗinke baki?" Na ce wa zai yi haka, ai ruɓewa za ta yi, tsagawa muke yi mu shanya. Ta ce, "To kin san aikinmu ke nan. Laifinmu ne da ba mu zaunar da ke mun gaya miki tun ranar farko ba."

Zazzaɓi ya sauka kwana biyar ke nan. Tana cin tuwo. Shekaranjiya Sista ta kira ni lokacin wanki ta nuna mini can ƙasan ramin, wani jan nama yana tasowa, ƙurji-ƙurji kamar cikin kankana. Ta ce wannan shi ne abin da muke nema, in daina tsoronsa. Ta ce zai ɗauki wata biyu ko fiye, kuma tabo zai zauna.

Ga lambar Fasto a bayan takardar nan. Ya ce ka riƙa kira ranar Lahadi bayan an tashi sujada a coci.

Ban yaga wasiƙarka ta farko ba kamar yadda ka ce. Na san tsoro ne ya rubuta ta. Ni ma tsoro ne ya kai ni wurin mai kemis.

Larai

*

Sansanin aiki, 2 ga Satumba

Larai,

Yabo ga Allah da bai bar mu da abin da hannunmu ya jawo ba. Ina lafiya a jiki. Ki gai da Mama, ki gai da Fasto, ki gaya wa Sista Rabi'a wani mutum a dajin Ikom yana sa ta cikin addu'a.

Me ya sa kika ce wa likita ke ce? Ni ne, Larai. Ina zaune nisan kwana biyu a mota, ban ga ciwon ba, ban ga likitan ba, na ɗauki biro na kusa yanke wa 'yata ƙafa. Ina so ki gaya wa Catherine gaskiya da bakinki, kada ta girma tana zaton ke ce.

Jiya da na kira wayar Fasto na ji muryarki, na shirya magana mai yawa, sai na tsaya ina tambayarki masara. Ke ma kika ce masara lafiya. Ashe har yanzu a takarda kawai muka iya magana.

Na je wurin shugaban aiki na nemi hutun sati ɗaya. Ya ce ba mai motsawa sai an gama gadar da muke kai, wato ƙarshen Nuwamba, kuma wanda ya tafi kafin nan kada ya dawo. Kin san abin da ya fito da ni daga gida, gonar citta ta mutu, ba don son yawo ba. Amma wata takwas ke nan ban zauna a kan dutsen ƙofar gidanmu ba. Wani lokaci in muna zuba kankare sai in ji kamar ƙamshin gaten acca da kike yi da yakuwa, in ɗaga kai, ba kowa sai itatuwa.

Ba zan sake yanke hukunci daga nesa ba. Ke kike ganin yarinyar. In kin ce in zo, jakata ba ta da nauyi, zan biyo Malam Salihu. Kalma ɗaya nake jira.

Mijinki,
Christopher

*

Kagoma, 14 ga Satumba

Baban Catherine,

Gaisuwa mai yawa. An sallame mu ranar Talata, muna gida. Mama lafiya. Ana wankin ciwon a nan garin, ranar Alhamis kuma mu je Kafanchan Sista ta duba. Ramin yana cikowa a hankali. Ta fara takawa da sanda zuwa bakin ƙofa.

Game da tambayarka, kada ka zo. Ka zauna ka gama aikinka. Abin da za a yi an riga an yi, zuwanka ba zai ƙara komai ba. Muna iyawa.

Na sa maka yaji da ɗan busasshen kuɓewa a leda, ka karɓa wurin Malam Salihu.

Larai

*

Kagoma, 12 ga Oktoba

Babana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki? Kaka tana gaishe ka. Ni ce Catherine. Mama ba ta san ina rubuta wannan ba, ta tafi gona.

Lahadi uku ke nan ba ka kira wayar Fasto ba, kuma Malam Salihu ya zo sau biyu hannu wofi. Duk ranar Lahadi in an tashi daga sujada Mama tana zama a benci na baya, wai tana gyara littattafan waƙa, har sai Fasto ya zo rufe ƙofa. Ni kuwa ina da ido.

Na san abin da ta rubuta maka, domin a gabana ta rubuta. Sau uku tana farawa. Ta farko ta sa "ka zo gobe", sai ta duƙunƙune ta jefa a murhu. Ta ce in ka bar aikin saboda ita, kuma cittar bana ta sake mutuwa, ba za ta iya kallon idonka ba. Shi ya sa ta rubuta waccan gajeruwar. In ka ɗauka fushi take yi da kai, ka sake karanta wasiƙa ba daidai ba, Baba. Wannan na biyu ke nan.

Ta gaya mini kai ne ka ce a ɗinke. Ban ji haushi ba. Ni ma na roƙa a ɗinke, har da kuka. Kai da ni da Kaka duka ra'ayinmu ɗaya ne, Mama ce kawai ta yi gardama, ita ma ba ta daɗe ba.

Yanzu ni nake riƙe wa nas tire in ana wanki, kuma na daina kau da kai. Kowace Alhamis Sista Rabi'a tana aunawa da ɗan sanda mai auduga a kai. Da farko rabin sandar yana nutsewa, shekaranjiya audugar kawai ta shiga. Fata tana shigowa daga gefe, fara-fara. Yana ƙaiƙayi sosai, Sista ta ce in na sosa za ta ɗaure mini hannu. Ta ce gudu sai baɗi, amma zan yi. Na ajiye sanda tun makon jiya. Ranar Talata Hussaina ta zo da nono, ta ga ina shara, ta ajiye ƙwaryar ta yi ta tafi.

Mun tona citta gindi biyar don gwaji. Lafiya lau take, Baba, manya-manya, ba ruɓa ko ɗaya. Mama ta tsaya tana kallonta, sai ta ce, "Wa zai taya ni haƙa duk wannan?" Ba da ni take magana ba.

Ban san maganar aiki ba, wannan tsakaninka da Mama ne. Amma in ba za ka iya zuwa yanzu ba, ka hau tudun nan ranar Lahadi, kuma kada ka tambaye ta masara. In kuwa za ka iya, Sista ta ce saura sati uku ya rufe gaba ɗaya. In ka zo bayan nan tabo kawai za ka gani, za ka ce a kan ɗan wannan abin ne muka yi ta surutu. Ina so ka gan shi tun yana buɗe.

Zan kai wannan tasha da kaina. Malam Salihu yana tashi ƙarfe huɗu, yanzu biyu ta wuce, kuma ina tafiya a hankali.

'Yarka,
Catherine